KIMIYYA A ƘOFAR GIDA: Yadda tsamin nono da gasara ke yaƙar fumfuna

A wannan mako za mu nufi kudancin Jihar Sakkwato, ƙasar Tambuwal da Kebbe, da wata tambaya da kowannenku zai iya gwadawa a madafar gidansu.

A tsakiyar damina, in aka ajiye ragowar tuwon gero a kwano aka manta da shi, kafin kwana biyu ko uku sai a tarar ya fitar da wani farin gashi, daga baya ya koma kore ko baƙi. Amma gasarar da aka tace daga wannan geron, tana kwance a ƙasan ruwanta mai tsami, takan yi kwanaki ana ɗiba ana dama koko ba ta yi komai ba. Gero ɗaya ne, ɗaki ɗaya, zafi ɗaya. To me ke tsare gasara wanda ba ya tsare tuwo?

Amsar tana hannun waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda iyayenmu mata suka daɗe suna kiwo a cikin ƙwarya ba tare da sun san sunansu ba.

Wace ce fumfuna?

Wannan gashin da ke fitowa a kan tuwo, ko burodi, ko gyaɗar da ta sha danshi, shi ne fumfuna. Mutanen Sakkwato kan ce hunhuna. Halitta ce mai rai, 'yar dangi ɗaya da yis ɗin da ake sa wa fanke da burodi. Ba ta da ganye, ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda gero ke yi, don haka sai ta hau kan abincin wasu. Tana tura siraran zaruruwa cikin abincin, ta narkar da shi, ta tsotse. Launin kore ko baƙin da kuke gani a sama irinta ne, ƙura ce mai laushi wadda iska ke ɗauka ta kai ko'ina. A yanzu haka akwai wannan ƙura a ajinku da ɗakin kwananku, tana jiran wurin sauka.

Abin da take nema shi ne danshi da ɗumi da iska. Shi ya sa watan Agusta da farkon kaka suke lokacinta. Tambuwal da Kebbe suna cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Jihar Sakkwato, kuma a nan ake noma gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da yawa. Manomi a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi yakan girbe amfaninsa tun ƙasa ba ta gama bushewa ba, wani lokaci ma ruwan ƙarshe ya same shi a kan shanya. A nan fumfuna take samun ƙofa.

Masu kawo tsami

A ɗaya ɓangaren akwai bakteriya masu samar da sinadarin laktik asid. Da an ce bakteriya, yawancinku cuta ce ke faɗo muku a rai, amma waɗannan na amfani ne. Ƙanana ne ƙwarai: in aka jera guda dubu, tsawonsu duka bai wuce milimita biyu ko uku ba. A cikin cokali ɗaya na kindirmo mai kyau ana samun ɗaruruwan miliyoyinsu. Manyan danginsu su ne Lactobacillus da Lactococcus da Leuconostoc da Pediococcus da Weissella.

Aikinsu shi ne cin sukari su fitar da asid. Ga masu karatun Kemistiri, lissafin yana da sauƙi: ƙwayar gulukos ɗaya, C6H12O6, tana rabuwa ta ba da ƙwayar laktik asid biyu, C3H6O3. Madarar saniya tana da nata sukarin, kusan kashi 5 cikin 100. Idan Bafullatana ta dafa madara ta bar ta ta huce, ta zuba mata ɗan tsohon nono, ta rufe ƙwaryar da faifai, shuka ta yi. Cikin dare bakteriyar da ke tsohon nonon za su hayayyafa, su cinye wani kaso na sukarin. Ma'aunin tsami da kuke kira pH zai sauko daga wajen 6.6 zuwa 4.6 ko ƙasa da haka, kuma a daidai nan ne furotin ɗin madara yake daskarewa. Abin da ya sa kindirmo yake da kauri ke nan. Haka abin yake a geron da aka jiƙa domin koko, da ƙullun waina da aka bari ya kwana.

Duniyar kimiyya ta ɗauki lokaci kafin ta gano wannan. A shekarar 1780 wani masanin haɗa magunguna a ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara ware laktik asid daga nono mai tsami. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke kawo tsamin. A shekarun 1870 kuma Joseph Lister na Ingila ya yi nasarar ware irin bakteriyar nono ita kaɗai, ba gauraye.

Wataƙila kun karanta labarin Alexander Fleming, wanda a 1928 ya lura cewa wata fumfuna tana kashe bakteriya, daga nan aka samu maganin fenisilin. Darasinmu na yau shi ne juyin wancan: bakteriya ce ke hana fumfuna sakat. Yaƙin nasu tsoho ne, a kan abinci ake yin sa, kuma kowane ɓangare yana da makamansa.

Makaman da suke riƙe da su

Makami na farko shi ne asid, amma a nan akwai abin lura. Fumfuna ba ta tsoron tsami kamar yadda ƙwayoyin cuta da yawa suke tsoronsa. Kun taɓa ganin ta a kan lemon tsami ko tumatir, ai kuwa duk masu tsami ne. Don haka laktik asid shi kaɗai ba ya isa. Wanda ya fi cutar da ita shi ne asetik asid, wato sinadarin da ke cikin binega, wanda wasu daga cikin waɗannan bakteriya suke fitarwa tare da laktik asid da iskar kabon dayokzaid.

Ga yadda yake aiki. Kowace ƙwayar halittar fumfuna tana da tantanin da ya kewaye ta, kamar ganuwar gari. Ƙwayar asid da ta riga ta rabu gida biyu tana ɗauke da cajin lantarki, ganuwar ba ta barin ta wucewa. Wadda ba ta rabu ba kuwa ba ta da caji, sai ta sulale ta shiga. Da ta shiga ciki, inda babu tsami, sai ta rabu ta saki tsaminta a can. Dole fumfunar ta riƙa ɓarnatar da ƙarfinta wajen fitar da tsamin waje, har ta rasa ƙarfin girma. A pH 4.5, kusan kashi biyu cikin uku na asetik asid bai rabu ba, alhali na laktik asid kusan ɗaya cikin biyar ne kawai. Bambancin ƙarfinsu ke nan. Amma ku lura, laktik asid ne ke saukar da pH ɗin har asetik asid ya samu damar shiga. Ɗaya ya buɗe hanya, ɗaya ya kai hari.

Makami na biyu shi ne fenil-laktik asid. Bakteriyar na haɗa shi daga fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. A shekarar 2000 wata masaniya a Italiya, Paola Lavermicocca, da abokan aikinta suka same shi a wani nau'in Lactobacillus plantarum da suka ware daga ƙullun burodi mai tsami.

Na uku, akwai ƙananan sinadarai masu siffar zobe, waɗanda ake samu idan tubalan furotin biyu suka haɗu suka rufe kansu. A 2002 masu bincike a birnin Uppsala na Suwidin, ƙarƙashin Johan Schnürer, suka gano su a wata bakteriya da suka samo daga ciyawar dabbobi da aka tsima. Shekara guda bayan haka, masu binciken na Uppsala suka ba da rahoton waɗansu sinadaran dangin kitse da ke lalata tantanin fumfuna.

Na huɗu shi ne rutarin, wanda Lactobacillus reuteri ke haɗawa daga gilisarin. Ita wannan bakteriya a hanjin mutane da dabbobi take zama, kuma an bayyana sinadarin nata ne a ƙarshen shekarun 1980. Akwai kuma haidurojin feroksaid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, wanda wasu nau'o'in ke fitarwa kaɗan-kaɗan idan akwai iska. Sannan ga dayasetil, sinadarin da ke ba man shanu wani ɓangare na ƙanshinsa.

Makami na ƙarshe ba guba ba ne sam, yunwa ce. A 2020 masu bincike na kamfanin Chr. Hansen na ƙasar Denmak suka nuna cewa waɗansu nau'o'in Lactobacillus suna kwashe sinadarin manganis da ke cikin yogot su ɓoye a jikinsu. Manganis ɗin da ke cikin madara dama ɗan kaɗan ne, kuma yis da fumfuna ba sa girma sai da shi. Da masu binciken suka ƙara manganis a yogot ɗin, sai kariyar ta gushe.

In muka koma ga gasararmu, akwai ƙarin taimako guda: ruwan da ke samanta yana raba ta da iska. Bakteriyar tsami ba su damu da rashin iska ba, fumfuna kuwa ba ta rayuwa sai da ita. Tuwo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wuta ta kashe bakteriyar da ke cikin garin, ga shi a fili iska na bugunsa, ga danshi. Duk ƙurar fumfunar da ta sauka a kansa ta samu gona ba mai gadi.

Sarkin yawa

Abin da ya ba masana mamaki shi ne, idan aka auna kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai a abinci, akan tarar bai kai yawan da zai hana fumfuna girma shi kaɗai ba. Taruwa suke yi su yi mata rubdugu. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sannan ba kowace bakteriyar tsami ce jaruma ba. Gwajin da Lavermicocca ta yi ya nuna haka ƙarara. An gasa burodi iri uku, aka sa wa kowanne baƙar fumfunar nan mai suna Aspergillus niger. Wanda aka yi da yis zalla ya fitar da fumfuna bayan kwana 2. Wanda aka ƙara wa wata bakteriyar tsami ta gama-gari, shi ma kwana 2 ya yi, duk da cewa ya yi tsami. Wanda aka sa wa zaɓaɓɓen nau'in nan mai fitar da fenil-laktik asid kuwa sai da ya kai kwana 7. Ashe tsami daban, kariya daban.

Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa nonon wata rugar yake fin na wata jimawa, ko da yake tsabtar ƙwarya da dafa madara da kyau su ma suna da babban tasiri. Matar da ta daɗe tana ajiye irin nono mai kyau, tana juya shi daga ƙwarya zuwa ƙwarya, zaɓen iri take yi, kamar yadda mijinta yake ware zangarniyar da ta fi kyau domin shukar baɗi.

Inda abin ya zama batun rai

Da a ce ɓata ɗanɗano kawai fumfuna take yi, da da sauƙi. Wasu nau'o'inta suna fitar da guba. Mafi muni ita ce afulatoksin, wadda Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus suke fitarwa, musamman a gyaɗa da masara. An gano ta ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 daga cikinsu suka rasu.

Wannan na masu cin gubar da yawa a lokaci ɗaya ne. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, a ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Hanta take kamawa, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a ƙasarmu. Bincike a Afirka ta Yamma ya kuma danganta ta da tsumburewar ƙananan yara. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tafasa ko suya irin ta gida ba sa kawar da ita. Tarayyar Turai ba ta yarda a shigar mata da gyaɗar ci kai tsaye ba idan gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya. Maikurogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

A nan nake so ku buɗe kunne. Wani zai ce, tun da tsami yana yaƙar fumfuna, ai sai a jiƙa masarar da ta yi fumfuna a yi koko da ita, shi ke nan. Wannan kuskure ne mai haɗari. Bakteriyar tsami suna hana fumfuna girma ne. Gubar da ta riga ta shiga cikin ƙwayar hatsi tun daga gona ko rumbu tana nan. Gaskiya ne an ga waɗansu nau'o'in, irin su Lactobacillus rhamnosus, suna manne wa afulatoksin a ɗakin gwaje-gwaje, kuma wanke hatsi da tsince shi da zubar da dusa suna rage wani kaso. Amma mannewar tana iya sakewa, ragewa kuma ba kawarwa ba ce. Mai gadi yana hana ɓarawo shiga, ba ya dawo da abin da aka sace jiya.

Akwai wata al'adar kuma da ya kamata a sake dubawa. Idan gyaɗa ko masara ta lalace, sai a ce a ba dabbobi. Saniyar da ta ci afulatoksin, hantarta na juya wani kaso na gubar zuwa wani nau'i da ake kira M1, ya fito a cikin madara. Dafa madarar ba ya kashe shi, tsami ma ba ya kawar da shi. Gubar da aka kora ta ƙofa sai ta dawo ta taga, a cikin ƙwaryar fura da nonon da ƙannenku za su sha. A yanki irin Tambuwal da Kebbe, inda noma da kiwo suke tafiya tare, wannan magana ta shafi kowane gida.

Abin da za ku iya yi tun yanzu

Da yawanku kuna taya iyaye aikin gona da kaka, don haka kuna da bakin magana. A cire gyaɗa a kan kari, kada ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna. A shanya amfani a kan tabarma ko tamfol ko daɓe, a daina zubawa a ƙasa tsirara, a kuma kwashe in hadari ya taso. Masara tana buƙatar bushewa har danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen 7 zuwa 8.

Ba sai da na'ura za ku gane ba. Ku samu busasshiyar kwalba, ku zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, ku rufe ku girgiza, ku ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. A tsince gyaɗar da ta motse, ko ta fashe, ko ta canza launi, a binne ta ko a ƙone. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a duba rumbu da rufewa ko suna yoyo. In tuwo ko burodi ya yi fumfuna, kankare saman bai wadatar ba, domin zaruruwan sun riga sun nutse ciki.

Akwai kuma wani magani na gona mai suna Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da Ma'aikatar Noma ta Amurka, hukumar NAFDAC kuma ta yi masa rajista a 2014. Nau'o'in Aspergillus flavus ne na ƙasarmu waɗanda ba sa fitar da guba, aka shafa su a jikin ƙwayar dawa. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Dabarar ɗaya ce da ta ƙwaryar nono: ka cika wurin da na kirki, mugu ya rasa masauki.

Game da nonon kansa, a dafa madara kafin a sa ta kwana. Tsami ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da sauran cututtukan da ke bin ɗanyar madara. A wanke ƙwarya da ludayi a shanya su a rana. Ruwan da ake sirka nono da shi ya zama mai tsabta, domin sirki yana rage tsamin da ke ba da kariya.

Gwajin wannan mako

Gani ya kori ji. Ku nemi izinin malamin Bayoloji ku yi wannan a makaranta. Ku yanka tuwo huɗu daidai wa daida daga malmala ɗaya. Kada ku yi amfani da burodin kanti, domin galibi an sa masa sinadarin hana fumfuna mai suna kalsiyam furofiyonet. Ku tace kindirmo da tsabtataccen ƙyalle ku tara ruwansa.

Yanka na farko ku shafa masa cokali ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce. Na biyu ku shafa masa cokali ɗaya na ruwan kindirmo. Na uku ku shafa masa ruwan kindirmon da aka tafasa ya huce, wato wanda bakteriyarsa suka mutu amma asid ɗinsa yana nan. Na huɗu ku shafa masa ruwan lemon tsami. Ku bar su a buɗe na rabin awa, sannan ku sa kowanne a farar leda mai nuna ciki, da ɗan iska a ciki, ku ɗaure, ku rubuta lamba da kwanan wata. Ku ajiye su wuri ɗaya a inuwa.

Kullum ku duba ku rubuta ranar da fumfuna ta fara bayyana a kowanne, da launinta, da faɗinta a santimita. Kada ku buɗe ledar, kada ku sansana, kada ku ɗanɗana. Bayan mako guda ku binne su a rufe, ku wanke hannu da sabulu.

Yanka na farko shi ne ma'auni, da shi za ku kwatanta sauran. Na huɗu zai nuna muku abin da tsami zalla yake iyawa. Bambanci tsakanin na biyu da na uku zai nuna ko sai bakteriyar suna raye suke ba da kariya. Ku rubuta abin da kuka gani, ko da ya saɓa da abin da kuka zata. Kindirmon kasuwa yakan ƙunshi yis da wasu halittun, don haka sakamakon wani aji zai iya bambanta da na wani. In kuna so aikin ya yi armashi, ku kwatanta nonon masu talla uku daban-daban.

Irin wannan aiki, da kayan aiki na zamani, shi ake yi a sashen nazarin ƙananan halittu na jami'o'i, har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kamfanonin Turai suna sayar da zaɓaɓɓun bakteriyar tsami a ƙunshe ga masu yin yogot a duniya, kuma asalin waɗannan bakteriya daga abincin gargajiya da tsirrai da makamantansu aka ware su. Nau'in da ya saba da zafin Kebbe a watan Afrilu, yake aiki ba tare da firji ba, a ƙwaryar matan rugagenmu yake zaune. Ware shi da auna ƙarfinsa aiki ne da ke buƙatar wanda ya iya Bayoloji da Kemistiri, ya kuma san ƙwarya da faifai. Ku riƙe waɗannan darussa biyu da kyau.

Tambayoyin mako

1. Me ya sa asetik asid ya fi laktik asid cutar da fumfuna a pH 4.5?
2. A gwajin burodin Italiya, me burodi na biyu ya tabbatar?
3. Ta wace hanya gubar da ke cikin lalatacciyar gyaɗa take isa cikin nono?
4. A gwajinmu, me zai faru da fassarar sakamako in aka cire yanka na farko?

Ku aiko da amsoshinku da sakamakon gwajinku, tare da sunan makaranta da aji. Za mu buga waɗanda suka fi tsari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.